Ƙaramin Yatsan Mastro Nuto

Garinmu Valcorvo yana alfahari da abu biyu: man zaitun, wanda da gaske yana da kyau, da kuma ramin da ke tsakiyar waƙar waliyyinmu. Baƙon da ya zo ranar idi yakan ji ƙungiyar mawaƙa ta ɗauko waƙar tana hawa da ita, sai a daidai wani wuri ƙartin maza su rufe baki gaba ɗaya kamar an watsa musu ruwan sanyi, su ja numfashi, sannan su ci gaba daga sama. In ya tambaya, za a gaya masa al'ada ce tun ta kakanni. Ni na san kakan. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma katangar ba ta da kauri.

Sunansa Nuto, sana'ar da ya gada kuwa tajar gashin tumaki. Yana saurayi aka kai shi gidan sufayen da ke ƙetaren rafi ya yi musu dakon itace. A can, daga bakin ƙofa, da dami a kafaɗa, ya ga yadda ake koya wa sababbin sufaye waƙa da tafin hannu. Bai koyi karatu ba, Latin ma wutsiyar kalmomi kawai ya tsinto, amma ya dawo gida da sunayen amon waƙa, ut, re, mi, fa, sol, la, a bakinsa, yana jera su kamar mai lissafa gonakin ubansa.

Sai babbar annoba ta zo. Ta ɗauke shugaban mawaƙanmu, ta ɗauke duk wanda ya iya duba babban littafin waƙa mai layuka huɗu da baƙaƙen ɗigo, ta bar Nuto ko tari bai yi ba. Limamai sun ce annoba ba ta zaɓe. Wanda ya ga abin da ta bar mana yana iya yin shakka. Da aka gama binne mutane aka waiwaya, babu wanda ya san ut daga la sai shi. Dattawan ƙungiya suka ba shi shugabanci, aka fara kiransa Mastro, aka miƙa masa makullin gidan da ke jikin katangar coci, wanda tun asali na shugaban mawaƙa ne muddin yana kan aiki. Ɗaki biyu ne da rijiya da itacen ɓaure. Matarsa Monna Bilia, wadda ta haifi 'ya'yanta duka a ɗakin haya bayan majema, ta durƙusa ta sumbaci dokin ƙofa ranar da suka tare.

Mawaƙan namu mahauta ne da marina, sai 'yan tsiraru daga sauran sana'o'i. Mahauta sukan tsaya dama, marina hagu, don ba sa shiri ko a kasuwa. Babu mai karatu a cikinsu, saboda haka babban littafi ya huta, in ban da lokacin da Monna Bilia ke aronsa ta danne cuku. Hannun Nuto shi ya zama littafi. Sai ya ɗaga na hagu, tafi a buɗe yana kallonsu, ya riƙa taɓa gaɓoɓin da manunin dama. Kowace gaɓa da amonta. Kan babban yatsa shi ne amon da ya fi kowanne kauri, daga nan a gangara, a bi gindin sauran yatsu, a hau ƙarami gaɓa bayan gaɓa, murya tana tashi. Muddin manuni yana kan gaɓa, ba a sakin amon, ko da numfashi zai ƙare.

A ƙolin ƙaramin yatsa ne ake da ɗaki ɗaya mai mazauna biyu. Wani lokaci fa ake rerawa a wurin, mai taushi. Wani lokaci mi, mai tauri. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taku guda na murya ba, amma in suka haɗu a kunne sai haƙora su mutu. Masana a birni sukan gane wanda ake so daga abin da ya gabata a waƙar. Nuto ya sauƙaƙa wa kansa: in ya taɓa tsoka, taushi; in ya taɓa farce, tauri. Wannan ita ce dabara ɗaya da na san ya ƙirƙiro a rayuwarsa, kuma ba ta da laifi.

Wata kaka, lokacin matsar zaitun, Nuto ya shiga gidan mai. Ba shi da ƙwayar zaitun ko ɗaya a wurin. Abin da yake da shi guntun burodi ne a hannun riga. Ya faki idon masu aiki, ya miƙa ƙaramin yatsa ƙarƙashin gungumen matsa don ya lakato sabon mai, a daidai lokacin da aka saki gungumen. Gaɓar sama a can ya baro ta. Mai man bai zubar da ko cokali ba.

Da raunin ya warke aka taru koyon waƙa ranar Asabar kamar kullum. Waƙar waliyyi ta hau ƙaramin yatsa, gaɓa ta ɗaya, ta biyu, sai manunin Nuto ya sauka a kan iska. Kowa ya yi tsit da baki a buɗe.

Lapo mahauci, wanda ya fi kowa murya kuma ya fi kowa rashin kunya, ya ce, "Mastro, tsoka ko farce?"

"Me ka gani?"

"Iska na gani."

"To rera abin da ka gani mana, ƙaton banza."

"Ka ɗaga na dama kawai, ai shi ba a soya shi da mai ba."

Aka fashe da dariya. Wani daga cikin marina ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda za a ji, wai gidan sufaye cike yake da masu yatsa goma. Nuto ya ji. Ya ce sufaye ba su taɓa ɗaga dama ba, wanda ya juya hannu ya juya waƙa, kuma kowa ya san matsafa ne ke karanta addu'a a juye. Gaskiyar magana ita ce ya gwada. Kwana da kwanaki ina jin sa ta katanga yana hawa inda ake sauka, yana sauka inda ake hawa, har Monna Bilia ta ce ko ya bari ko ta kira mai cire aljanu. Mutumin bai san waƙar ba. Hannunsa na hagu ne ya san ta.

Asabar ta gaba ya zo da fuskar wanda ya yi mafarki mai nauyi. Ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce tun yana gidan sufaye ya ji wani tsohon sufi yana faɗa cewa tsakanin mi da fa nan Shaiɗan yake tsugune. Ya ɗaga dungun yatsan sama.

"Ku jahilai kuna tsammani haɗari ne. Allah ne ya dubi garin nan ya rushe ɗakin Shaiɗan daga hannuna. Da ya so, da babban yatsa ya ɗauka. Me ya sa sai wannan gaɓar?"

Babu wanda ya ce saboda da ita ake lakatar mai.

"Daga yau in mun iso nan, kowa ya rufe bakinsa. Sufaye suna kiran wannan pausa. Shiru ne, amma shiru mai ilimi."

Lapo ya sosa ƙeya. "Wato in na yi shiru ma waƙa nake yi?"

"Kai kam lokacin ne ka fi iyawa."

Limaminmu na lokacin tsoho ne kurma, da aka yi masa ihun bayanin a kunne ya sa albarka. Shi ke nan. Shekaru sama da ashirin ana tsallake wurin. Mutanen garin da ke ƙasan dutse suka fara yi mana ba'a wai waƙarmu tana da giɓi kamar bakin tsohuwa, namu suka ce gara giɓi da a kira Shaiɗan da suna a gaban bagade, aka fasa kawuna a kan haka a kasuwanni biyu. Jinin da aka zubar ya ƙara wa al'adar daraja. Nuto ya yi tumbi. Yakan yi tafiya da hannun hagu a kan ƙirji, dungun a waje, don masu son gani su gani. Masu riƙe gindin waƙa ya kira su tenor, sauran ya kira su jakuna. Amo mai tsawo longa, gajere breve, kuma duk wanda ya tambaye shi abin da bai sani ba sai ya jefe shi da ɗaya daga cikin kalmomin nan ya wuce.

Tsohon limami ya rasu, aka aiko mana da Ser Taddeo. Siriri ne, ya yi karatu a birni, yana da kunne kuma ba shi da haƙuri, abu biyu da ba su da amfani a Valcorvo. Lahadinsa ta farko, da aka iso ramin, ya waiwaya ya ga ko wani ne ya faɗi matacce. Bayan an watse ya sa aka ɗauko babban littafi, ya buɗe, ya kira Nuto. Ina tsaye kusa, ina jiran a rage cunkoso a ƙofa.

"Mastro, me ya sami mutanenka a tsakiyar waƙa? Ƙuda suka haɗiye?"

"Pausa ce, Uba."

"Babu pausa a nan. Zo ka gani, ga ɗigon zaune a wurinsa."

Nuto ya leƙa shafin kamar mai leƙa rijiyar wani. "Littafin ya tsufa, Uba."

"Kuma yana warin cuku."

"Danshi ne."

"Nuna mini hannunka."

Ya nuna, da irin alfaharin da ya saba. Ser Taddeo ya dubi dungun, ya dubi littafin, ya sake duban dungun, na ga lokacin da ya gane. Bai yi dariya ba, ban kuwa yafe masa wannan ba har yau.

"Ɗana, saurara. Idin waliyyi yana tafe. Ranar nan ina so in ji waƙar cikakkiya, daga ƙasa har sama, babu rami. In na ji rami, zan ɗauko shugaba daga gidan sufaye. An ce mini gidan da ke jikin katanga na mai aikin ne."

"Uba, Shaiɗan..."

"Bar mini Shaiɗan, aikina ne. Kai ka ji da fa."

Da yamma ina zaune a tsakar gidana na ji an ajiye tukunya da ƙarfi a ɗaya gefen katanga.

Monna Bilia ta ce, "Ka je ka tambaye shi mana. Uba, taushi ne ko tauri? Bakinka zai zube?"

"Ni? In tambayi yaron da aka haifa ina shugaban mawaƙa?"

"To kai ka tuna?"

Ban ji komai ba sai kaji.

"Wannan ma pausa ce?"

"Ke mace, ba ki san ilimi ba."

"Na san gidan mai. Ni na ɗaure maka hannu, yana ɗigar jini yana ɗigar man mutane. Ka ji ni da kyau, maigida: ba zan koma bayan majema ba. Tsufana a gindin ɓauren nan zan yi shi. In aka karɓi makullin nan, sauran yatsun ni zan kai su gidan mai da kaina, ɗaya bayan ɗaya."

Bai je wurin limami ba. Wurin Ghino masassaƙi ya je a ɓoye, wanda ke yi wa garin cokula da marfin ganga, ya sa ya sassaƙa masa kan yatsa na itacen zaitun da ɗan zaren fata na ɗaurewa. Ghino ya yi abin da hannunsa ya saba: ya fito da abu sumul, mai zagaye, kamar toshin ganga. Babu farce. Ghino ya faɗa mini daga baya cewa ya tambaya ko ya zana farcen, Nuto ya ce a bar shi haka. Na yi imani da gangan ne. In babu farce babu tsoka, ba wanda zai ce shi ya zaɓa. Mawaƙa su zaɓa da kansu, in sun dace shi ya koyar, in sun kuskure jakuna ne dama.

Bai kira koyo ko sau ɗaya ba, don wanda ya koyar da amon ya yarda ke nan cewa shekaru ashirin ƙarya yake yi. Sai da safiyar idi, a farfajiyar coci, ya zaro abin ya ɗaura.

"Yau in na taɓa nan, ku buɗe baki."

Lapo, wanda yanzu gashinsa ya yi fari amma bakinsa yana nan, ya ce, "Shaiɗan ɗin fa, Mastro? Ya tashi daga unguwar?"

"Umarnin limami ne."

"To tsoka ko farce?"

"Kana da ido."

"Toshin ganga nake gani."

Nuto ya shige ciki ya bar su. Samarin ƙungiya ba su taɓa jin amon ba tun da aka haife su. Lapo ya rantse da kabarin uwarsa cewa taushi ne, ya tara mahauta ya gunguna musu a kunne. Vanni, dattijon marina, da ya ji abin da Lapo ya zaɓa, sai ya tuna sarai cewa tauri ne, ya gunguna wa nasa. Ƙararrawa ta kaɗa.

Coci ya cika har ƙofa. An kunna kyandir jeri-jeri, an sa wa gunkin waliyyi sabuwar riga. Waƙa ta tashi daga babban yatsa, ta bi gindin yatsu lafiya lau, ta kama ƙarami, gaɓa ta ɗaya, ta biyu. Nuto ya runtse ido ya ɗora manuni a kan katakon.

Dama ta ce fa. Hagu ta ce mi. Da kowane ɓangare ya ji abin da ɗayan ke yi, sai ya ƙara murya don ya danne shi. Na taɓa jin an yanka alade, na taɓa jin ƙafar keken shanu marar mai, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Nuto kuwa tsoro ya daskarar da shi, bai ɗaga manunin ba, su kuma tun suna samari an koya musu cewa muddin manuni yana wurin ba a saki. Suka riƙe. Jijiyoyin wuyan Lapo suka tashi kamar igiya. Karnukan farfajiya suka ɗauka, jarirai suka taya su. Wata tsohuwa a layin gaba ta zube, ta ture kyandir, wuta ta kama gefen sabuwar rigar waliyyi, wani ya kashe ta da hularsa. Da zaren fatan bai zame ba, ban san yaushe za su daina ba. Katakon ya faɗi, ya gangara a kan dutsen ƙasa yana ƙara, ya tsaya a ƙafar Ser Taddeo.

Limamin ya dubi katakon, ya dubi Nuto. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Makullin. Gobe."

Na hango Monna Bilia a ɓangaren mata. Ba mijinta take kallo ba, hannunsa take kallo.

A farfajiya aka yayyafa wa tsohuwar ruwa ta farfaɗo. Abin da ta fara faɗa shi ne ta ga wani baƙin abu mai fiffike ya fita ta tagar sama a daidai lokacin. Ni ma na gan shi, tsattsewa ce, tana da sheƙa a wurin tun bara. Amma kafin a ɗaga tsohuwar tsaye, mutum biyar sun ga ƙahonsa, biyu sun ji warin ƙuna, wanda kuma gaskiya ne, rigar ce.

"Ashe dai gaskiya Mastro yake faɗa!"

"Shekara ashirin bawan Allah yana tsare mu, muna yi masa dariya."

"Baƙo ya zo daga birni ya tilasta shi ya buɗe wa Shaiɗan ƙofa!"

Lapo da Vanni, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, suka gane a tare cewa in laifin na Shaiɗan ne, to ba nasu ba ne. Su suka jagoranci dattawa zuwa gidan limami. Suka gaishe shi da ladabi, suka tuna masa daga ina man fitilun coci ke fitowa, da kakin kyandir, da naman da ake aiko masa ranar Lahadi. Ser Taddeo ya yi musu bayanin rabin taku tsakanin mi da fa, ya ce kowane ɗayansu halal ne, haɗa su ne kawai ɓarna, har ya rera musu ɗaya bayan ɗaya. Vanni ya roƙe shi, don girman Allah, ya daina kiran abin a cikin gida. A makon nan ƙanƙara ta zuba ta lalata inabin gefen gabas. Ba a sake maganar makulli ba.

Nuto kuwa, kafin rana ta faɗi ranar idin, ya riga ya tuna cewa da gangan ya yi, don gari ya ji da kunnensa. Ya faɗa wa duk wanda ya shigo gaishe shi, kuma sun shigo da yawa, wasu da ƙwai, wasu da tulun mai. Ta katanga na ji Monna Bilia tana karɓa tana godiya. Da aka watse ta ce masa, "Ga mai nan, naka ne halak malak. Sa cokali."

Ya rayu shekaru bayan haka, ya mutu a gidan, a kan gadonsa, da makulli a rataye a ƙugunsa. A jana'izarsa an rera waƙar waliyyi, an bar ramin ya fi kullum tsawo don girmamawa. Ser Taddeo ne ya jagoranci addu'a, na kuma lura shi ma ya ja numfashi a wurin, kamar kowa. Wanda ya gaji aikin mijin 'yar Nuto ne, zaɓin Monna Bilia tun da wuri. Yatsunsa goma cif, amma in ya ɗaga hannu yakan lanƙwashe kan ƙaramin ya ɓoye shi, haka kuma yake koya wa na bayansa. Katakon Ghino yana rataye a bangon coci tare da ƙafafu da zukatan kakin zuma da mutane ke kawowa in sun warke. Masu ciwon kunne sukan shafa shi, har ya yi sheƙi.

Monna Bilia tana nan a gindin ɓaurenta, haƙora sun ƙare, baki bai ƙare ba. Kwanan baya wani matafiyi ya tsaya a ƙofarta, hula a hannu, ya roƙe ta ta ba shi labarin ranar da Allah ya taɓa yatsan mijinta.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Man shekarar ya yi kyau ƙwarai."